Iyakar Nijeriya da Nijar: A Saurari Masu Bin Hanya

Daga Illela zuwa Birnin Ƙonni, ko daga Jibiya zuwa Maraɗi, tafiyar ba ta da nisa, mutanen ɓangarorin biyu kuwa dangin juna ne. Hatsi yana haurawa arewa, dabbobi da wake da albasa suna gangarowa kudu.

Gwamnatoci sun daɗe da sanin haka. A 1971 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Nijeriya da Nijar mai hedkwata a Yamai. A 1979 kuma ECOWAS ta amince jama'a su riƙa ƙetare iyaka ba tare da biza ba. Amma rufe iyakar da aka yi a Agustan 2019, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, duk a Abuja aka yanke shawararsu. Manyan motoci suka yi cirko-cirko a bakin iyaka, albasa ta ruɓe, abinci ya yi tsada.

Tun da Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, nauyin gyara ya ƙaru a kan hukumar haɗin gwiwar. Ya kamata ta ba ƙungiyoyin direbobi da dillalan hatsi na Dawanau da makiyaya da mata 'yan kasuwa kujera a zamanta. Su suka san yawan shingayen da ke kan hanya da abin da ake karɓa a kowanne. Majami'u da masallatai, waɗanda mabiyansu ke ɓangarorin biyu, za su iya tara koke-koken nan a rubuce su miƙa.

Mai ɗaki dai shi ya san inda yake yoyo.