Koya wa Yara Saƙar Kwarashi

Ana roƙon hakimai da magatakarda su isar da wannan bayani ga dagatai, domin ya kai ga matan da ke koya wa yara sana'ar hannu.

Yarinya mai shekara 7 ko 8 ta isa riƙe kwarashi. A ba ta mai kauri, da ulu mai hasken launi, gama baƙin zare yana ɓoye idon saƙa. Ta fara da ƙulli, sa'an nan sarƙa, har hannunta ya faɗa. Mai koyarwa ta zauna gefenta. In bahaguwa ce, a zauna gabanta, ta kwaikwaya kamar a madubi. Kada a tilasta mata sauya hannu.

Yawancin masu koyo sukan ja zare har kwarashi ya kasa shiga. Sai a nuna musu sassautawa. A ƙidaya idanu ƙarshen kowane layi, don kada saƙar ta tsuke. Minti 15 ya isa zama ɗaya.

A kiyaye tsawa. Wadda aka tsawata wa takan jefar da kwarashi. Wadda aka bi a hankali, wata rana hular jarirai za ta saƙa ta sayar, ta rufa wa kanta asiri.