AIKIN MAI BA DA SHAWARA A MAKARANTU

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata cuta ta tunani, kamar baƙin ciki mai tsanani ko yawan fargaba. Alamunta kuwa su ne yawan shiru, da ƙin abinci, da rashin barci, da saurin fushi, da fashin makaranta. Sau da yawa akan ɗauki wannan a kan taurin kai, a yi ta bulala, alhali kuwa yaron ba shi da lafiya.

Saboda irin wannan ne Manufar Ilmi ta Ƙasa, wadda aka fitar a 1977, ta tanadi masu ba da shawara a makarantun Nijeriya. Aikinsu shi ne su zauna da yaro a keɓe, su saurare shi, su riƙe asirinsa, sa'an nan su taimake shi ya warware matsalarsa ɗaya bayan ɗaya.

To, shin aikin yana da amfani? An gwada shi a makarantun sakandare na Jihar Bihar ta ƙasar Indiya, aka buga sakamakon a 2018. Inda aka ɗauki mutum daga waje aka horar da shi, ba shi da wani aiki sai wannan, baƙin ciki da cin zali tsakanin ɗalibai sun ragu. Inda kuwa aka ɗora wa malamin aji nauyin bisa ga koyarwarsa, ba a ga wani bambanci ba. Watau sunan muƙamin kaɗai ba ya warkarwa, sai an sami mai lokaci, wanda yara suka amince da shi.

Don haka ya kamata Hakimai, in sun fita rangadi, su tambayi Shugaban makaranta ko akwai mai wannan aiki, ko yana da ɗaki nasa, da kuma darussa nawa aka ɗora masa. Malaman Hakimai su rubuta amsar cikin rahotonsu.

Amma shawara tana da iyaka. Yaron da ya ambaci kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, kada kuma a jira gobe. Lalle a sanar da iyayensa, a kai shi asibiti. Akwai asibitocin Gwamnatin Tarayya na wannan fanni a Kaduna da Kware da Maiduguri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.