Intanet mai sauri a karkara: Inda gizo ke saƙar, da rawar da bincike da kuɗi za su taka

Fiye da shekara 20 bayan shigowar wayar salula Najeriya a 2001, har yanzu akwai ƙauyukan da sai mutum ya hau tudu ko ya yi tattaki zuwa bakin titi kafin ya samu sabis ɗin da zai kira ɗan'uwansa. A wasu wuraren ana iya kira, amma intanet ba ta da ƙarfin buɗe shafi, balle tura kuɗi ko kallon darasi ta bidiyo.

A da ana ɗaukar wannan a matsayin rashin jin daɗi kawai. Yanzu ya zama cikas ga harkokin rayuwa. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Tun ƙarshen 2020 aka wajabta haɗa layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kuwa ya nuna wa kowa halin da manomi ko mai sayar da dabbobi ke shiga idan babu tsabar kuɗi a hannu, kuma na'urar mai POS ta ƙi aiki saboda rashin sabis.

Mene ne ake nufi da intanet mai sauri?

Ana nufin intanet mai ɗaukar bayanai masu yawa cikin ɗan lokaci ba tare da yankewa ba. A wayar hannu, wannan ya fara ne daga 3G, ya ƙaru a 4G da 5G. Tsohon tsarin 2G, wanda ƙauyuka da dama suka dogara da shi, ya dace da kira da gajeren saƙo ne kawai.

A watan Maris na 2020 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da tsarin faɗaɗa intanet mai sauri na 2020 zuwa 2025, lokacin Farfesa Isa Ali Pantami yana ministan sadarwa. Tsarin ya ƙuduri kai sabis mai ƙarfi ga kashi 90 cikin 100 na al'umma, da ɗaga yawan masu amfani da shi zuwa kashi 70 cikin 100. Ya kuma tsayar da mafi ƙarancin gudu na megabit 25 a daƙiƙa a birane da megabit 10 a karkara, tare da burin kada gigabait ɗaya na data ya wuce naira 390. Alƙaluman Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, sun nuna cewa a 2025 adadin ya tsaya ne a wajajen kashi 50 cikin 100, kuma mafi yawan waɗanda aka bari a baya mazauna karkara ne.

Daga bakin teku zuwa ƙauye

Domin fahimtar matsalar, sai an bi hanyar da intanet ke bi. Mafi yawanta na shigowa ƙasar ne ta manyan wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. MainOne da Glo-1 sun fara aiki a 2010, WACS ta biyo baya a 2012, Equiano ta kamfanin Google ta iso Legas a 2022, sannan 2Africa ta sauka a Legas da Akwa Ibom a 2024. Saboda haka ƙasar ba ta fama da ƙarancin intanet a bakin teku.

Daga can sai a ɗauke ta ta wayar fiba, wato siririn zaren gilashi mai ɗaukar bayanai ta hanyar haske, a binne a gefen tituna zuwa manyan birane. Daga birni ta nufi hedikwatar ƙaramar hukuma, daga nan ta isa turken sadarwa, shi kuma ya watsa ta zuwa wayoyin jama'a. Kamar ruwan famfo ne: ko da dam ya cika ya batse, gidan da ba a ja masa bututu ba zai ci gaba da sayen ruwan garuwa. Matakai biyu na ƙarshe su ne ba su kai ƙauyuka da yawa ba. Turken da babu fiba a kusa da shi yakan karɓi saƙo daga wani turken ta iska, kuma ƙarfin yana raguwa gwargwadon nisa da yawan masu amfani.

Me ya sa kamfanoni ke ja da baya?

Dalili na farko lissafi ne. Kuɗin kafa turke a ƙauye bai gaza na birni ba, sau da yawa ma ya fi, saboda rashin hanya da rashin wutar lantarki. Amma turken birni yana hidima ga dubban mutane masu sayen data kullum, na ƙauye kuwa ga mutane kaɗan waɗanda kuɗi ke shigo musu a lokacin kaka ko ranar kasuwa. Ɗan kasuwa kuma inda zai mayar da jarinsa yake nufa.

Na biyu shi ne kuɗin izinin haƙa da jihohi ke karɓa kafin a binne fiba. A 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta amince da naira 145 a kan kowace mita, amma jihohi da dama suka ci gaba da karɓar dubban naira. A 2020 jihar Ekiti ta sauko daga naira 4,500 zuwa 145, jihar Kaduna kuma ta yafe kuɗin baki ɗaya. Bambancin ba ƙarami ba ne: a farashin naira 4,500, izinin kilomita 50 zai ci naira miliyan 225, alhali a farashin 145 bai wuce naira miliyan 7 da dubu 250 ba. Wannan kafin a sayi waya ko a biya leburori ke nan.

Na uku shi ne wuta. Yawancin turaku suna aiki ne da janareto, kuma kai man dizal ƙauye mai nisa, musamman da damina, yana lashe ribar da ake sa rai. Na huɗu shi ne ɓarna da rashin tsaro: masu aikin titi suna tsinke fiba, ɓarayi suna sace batura da janareto, injiniyoyi kuma ba sa iya shiga wasu yankunan. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, abin da ya nuna yadda tsaro da sadarwa suka sarƙe da juna.

Abin da bincike ke yi

Aikin farko na bincike shi ne nuna inda giɓin yake. Binciken da aka yi wa asusun USPF na hukumar NCC a 2013 ya gano rukunonin yankuna 207 da sabis bai kai ba ko bai wadata ba, masu mutane kimanin miliyan 37. Hukumar ta bayyana cewa adadin ya sauko zuwa 114 a 2019, sannan 97 a 2022, masu mutane kimanin miliyan 27. Irin wannan taswira ita ce ke hana a kafa turke a garin wani mai faɗa a ji alhali ƙauyen da ya fi buƙata yana jira. Sai dai taswira tana tsufa, domin jama'a na ƙaura, wasu turakun kuma suna mutuwa. Dole a riƙa sabunta ta, a kuma auna ƙarfin sabis a fili, ba a takardar kamfani kaɗai ba.

Aiki na biyu shi ne tabbatar da ko kuɗin da ake kashewa yana da amfani. Wani nazari da masana daga Bankin Duniya da ƙungiyar kamfanonin waya ta duniya, GSMA, suka fitar a 2020, bisa bayanan iyalai a Najeriya daga 2010 zuwa 2016, ya gano cewa a wuraren da intanet ta waya mai sauri ta isa, abin da iyalai ke iya kashewa ya ƙaru, matsanancin talauci kuma ya ragu, kuma tasirin ya ƙara fitowa bayan shekara biyu. Wannan hujja ce da ake iya kai wa gaban masu tsara kasafin kuɗi.

Aiki na uku shi ne nemo hanya mai araha. An samar da ƙananan turaku masu aiki da hasken rana, waɗanda ba sa buƙatar dizal ko ƙaton gini. Masana sun kuma daɗe da sanin cewa ƙananan zangunan iska, irin na megahaz 700 da 800, sun fi tafiya nesa da ratsa bango, saboda haka turke ɗaya kan isa ƙauyuka da yawa. Wani ɓangare na waɗannan zanguna yana hannun gidajen talabijin ne, shi ya sa sauya watsa talabijin zuwa tsarin dijital, wanda aka fara a Jos a 2016, yake da alaƙa kai tsaye da intanet ɗin karkara. Akwai kuma tauraron ɗan'adam. Najeriya tana da NigComSat-1R da aka harba a 2011, kuma a watan Janairu na 2023 ta zama ƙasa ta farko a Afirka da Starlink ya fara aiki a cikinta. Kayan Starlink sun fi ƙarfin aljihun talaka, amma makaranta ko asibiti ko ƙungiyar 'yan kasuwa na iya saye a raba wa jama'a.

Wannan tunani na raba layi ɗaya ga al'umma ba baƙo ba ne. Gidauniyar Fantsuam da ke Kafanchan a jihar Kaduna ta gwada shi shekaru da dama da suka wuce da tsarinta na Zittnet. Jami'o'i ma suna da rawar takawa, musamman ta hanyar layin NgREN da aka ƙaddamar a 2014 domin haɗa su, idan aka ba su kuɗin gwada fasahohin da suka dace da zafi da ƙura da rashin wutar ƙasar nan.

Ina kuɗin zai fito?

Dokar Sadarwa ta 2003 ta tanadi asusun USPF domin cike giɓin da kasuwa ta bari. Wani kaso na harajin shekara-shekara da kamfanonin sadarwa ke biyan NCC ne ke shiga asusun, shi kuma ya tallafa wa kamfanin da ya yarda ya kafa turke ko ya ja fiba a inda babu riba. Ma'anarsa ita ce, mai sayen kati a Legas ko Kano yana taimakawa a kai sabis ƙauyen da bai taɓa ji ba. Amma girman buƙatar ya zarce abin da asusun ke iya ɗauka.

Wannan ne ya sa a 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da kafa kamfani na musamman, wanda gwamnati da masu zuba jari za su mallaka tare, domin shimfiɗa ƙarin fiba mai tsawon kilomita 90,000. Ministan sadarwa, Dakta Bosun Tijani, ya bayyana cewa aikin zai ci kimanin dala biliyan 2, zai kuma ɗaga tsawon fibar daga kusan kilomita 35,000 zuwa 125,000, da nufin kaiwa ga ƙananan hukumomi 774. A 2025 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 500 domin aikin. A farkon shekarar kuma majalisar ta amince da shirin kafa turaku 7,000 a yankunan karkara.

Rance dai bashi ne da 'yan ƙasa za su biya. Don haka tambayar da ta dace ba ta tsaya kan nawa aka samu ba, ta haɗa da inda za a fara, da kuma ko ƙananan kamfanoni za su iya hayar fibar a farashi ɗaya da manya. Idan ta tsaya a hedikwatar ƙaramar hukuma ba tare da wanda zai ƙarasa da ita ƙauye ba, to an gudu ne ba a tsira ba.

Bayan an kafa turke

Kai sabis ba shi ne ƙarshen aiki ba. Mutane da yawa suna zaune a inda akwai 4G amma ba sa amfani da ita, saboda tsadar babbar waya, ko tsadar data, ko rashin iya karatu da Turanci. A watan Janairu na 2025 NCC ta amince wa kamfanoni ƙarin farashi har zuwa kashi 50 cikin 100, bayan shekaru suna kukan tsadar dizal da faɗuwar darajar naira. Ƙarin ya ba kamfanonin damar numfasawa, amma ya ƙara nauyi a kan mai ƙaramin ƙarfi. Matan karkara kuwa su ne suka fi rashin wayar kansu. Wannan ma fage ne na bincike: wane irin bayani manomi ke buƙata, da wane harshe, a rubuce ko da murya.

Sai kuma kula da kayan. A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan umarnin da ya ayyana kayayyakin sadarwa a matsayin muhimman kadarorin ƙasa, wanda ya sa lalata su ya zama babban laifi. Amma jami'an tsaro ba za su tsaya a gindin kowane turke ba. Masu unguwanni da dagatai da matasan gari su ne ke ganin mai zuwa da dare, kuma sukan kare abin da aka yi shawara da su kafin a kafa shi.

Abubuwan da za su nuna ko waɗannan tsare-tsare sun yi tasiri a fili suke: jihohi nawa ne suka sauke kuɗin haƙa a aikace, ko za a wallafa sunayen garuruwan da aka kafa wa turke domin jama'a su tantance, da kuma turaku nawa ne za a tarar suna aiki shekara biyu bayan an yanke ƙyallen buɗe su. Ɗalibar da za ta cike fam ɗin jarrabawa daga ƙauyensu, da ma'aikacin asibitin da zai tura hoton mara lafiya ga likita a birni, su ne za su fara sanin amsar.