Karkatar Bincike a Lokacin Sabuwar Annoba: Darasi Daga Kano, 2020

Idan baƙuwar cuta ta ɓulla, masu bincike ba su da ikon jarraba ta a kan mutane, sai dai su sa ido su ƙirga abin da ya auku. Aibin irin wannan bincike shi ne karkata, wato sakamako ya rinjaya gefe guda saboda yadda aka zaɓi mutanen da aka bincika.

A watan Afrilun 2020, lokacin cutar korona, mace-mace sun yawaita a birnin Kano, ga shi kuma ɗakin gwaji na Asibitin Malam Aminu Kano ya tsaya na 'yan kwanaki. Da yake an riga an binne mamatan, sai aka koma tambayar iyalansu alamomin da suka gani. A watan Yuni, Ministan Lafiya, Osagie Ehanire, ya bayyana cewa an ƙirga mamata 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa suna da alaƙa da cutar.

Akwai dalilai uku da suka sa ya dace a ce "mai yiwuwa". Na farko, mai baƙin ciki yakan manta, ko ya ɓoye tari da zazzaɓi don gudun tsangwama. Na biyu, asibitoci da dama sun daina karɓar marasa lafiya a lokacin, saboda haka mai hawan jini yana iya rasuwa don rashin magani, a ɗora wa annoba. Na uku, ba a cika rubuta mace-mace ba, balle a kwatanta bana da bara.

A karkara matsalar ta fi tsanani. Alal misali, manomin 'Yankwashi ba zai nufi asibitin Kazaure ba sai ciwo ya ci ƙarfinsa. Wanda ya ƙirga majinyatan asibiti kaɗai zai ɗauka cutar ta fi yadda take kisa, tun da waɗanda suka warke a gida ba su shiga lissafinsa ba. Wanda kuma ya dogara da gwaji kaɗai zai ce ƙauyen da ba a gwada kowa ba lafiya lau yake.

Maganin wannan shi ne a zaɓi gidaje ta hanyar ƙuri'a, birni da ƙauye, a gwada jinin masu ciwo da masu lafiya, sa'an nan a riƙa rubuta kowace rasuwa a wurin dagaci tun kafin wata annoba ta zo. Da wannan lissafi ne hukuma ke yanke shawarar inda za ta kai likita da magani, kuma ƙauyen da ba a ƙirga ba shi ake mantawa.