Gidajen silima a bakin ƙaramar hanyar jirgin ƙasa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani aikin hannu da magidanta da yawa su ke yi a lokacin hutunsu. Su kan shimfiɗa ƴar ƙaramar hanyar jirgin ƙasa bisa tebur, jirgin kuwa shina tafiya da lantarki, sa'annan su gina masa tasha da gadoji da gidaje. Gidajen ana sayar da su gunduwa-gunduwa cikin kwali, na roba ko na siririn katako, mutum ya haɗa da gam, ya shafa fenti da kansa. Daga cikin masu wannan aiki akwai waɗanda su ka zaɓi gina wuraren da su ka gani a silima ko a talabijin.

Tushen aikin shi ne awo. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa ana ce masa HO, watau kowane abu an rage shi sau 87. Ƙofa mai tsawon metir 2 ta kan koma santimetir 2 da ɗan ɗoriya, tsakanin ƙarafan hanyar kuma milimetir 16,5 ne. Mutanen Ingila sun fi riƙon ma'aunin OO, mai ragewa sau 76. Wanda ya kuskure awo, sai ya ga ƴan mutanensa na roba sun fi ƙofar gidansu tsawo.

Wuyar da ke ga gidan silima ita ce sau da yawa rabin gida ne. Alal misali, gidan nan mai ban tsoro na fim ɗin Psycho, wanda Alfred Hitchcock ya fitar a 1960. Lokacin da a ka gina shi a filin kamfanin Universal, a Kalifoniya, bango biyu kawai a ka tayar, su ne waɗanda na'urar ɗaukar hoto za ta gani. Ɗakunan ciki a wani zauren dabam a ka shirya su. Abin sha'awa, an daɗe ana danganta siffar gidan da wani zane na Edward Hopper na 1925, wanda ya ke nuna gida shi kaɗai a bakin hanyar jirgi. Da kamfanin Polar Lights ya fitar da gidan cikin kwali bisa ma'aunin HO, sai ya sake komawa kusa da jirgi. Amma gidan da ke bisa tebur ana kewaya shi ta kowane gefe, tilas ya sami bango huɗu da cikakken rufi. Mai ginin da ya ke aiki daga hotunan fim kaɗai, dole ya ƙago bayan gidan da kansa, kuma a nan ne a ke gane gwani.

Wani lokaci wurin na gaskiya ne. Tashar ƙauyen Goathland, a arewacin Ingila, ta fito cikin shirin talabijin na Heartbeat daga 1992 zuwa 2010, kuma ita ce tashar Hogsmeade cikin fim na farko na Harry Potter a 2001. Kamfanin Hornby ya sayar da ƙananan gine-ginenta, sai dai a haɗe su ke zuwa, abin da masu son aikin hannu ba su cika yabawa ba. Gadar Glenfinnan ta ƙasar Sikotilan, wadda jirgin Harry Potter ya ke ƙetarewa, tana da baka 21 da tsawon metir 380. In an rage ta sau 76, metir 5 ke nan cif, ta fi ɗakin mutane da yawa. Saboda haka mai gini ya kan rage yawan bakan, ya bar lanƙwasar gadar, domin ita ce ido ya ke shaidawa.

Masu son fina-finan kaboyi kuwa, tasharsu ita ce ta farkon fim ɗin Il était une fois dans l'Ouest na Sergio Leone, na 1968, da dandalinta na katako da tankin ruwa da famfon iska mai ƙara. An ɗauke ta kusa da La Calahorra, a kudancin Sifen. Kayan da a ka kafa domin fim ba a yi su don su daɗe ba, shi ya sa mai gini ya kan tsai da hoto, ya ƙidaya katakai, ya auna bango da tsawon ɗan wasa ko na ƙofa. Irin waɗannan fina-finai sun shiga ran ƴan Nijar ƙwarai, har Mustafa Alasan ya yi nasa na kaboyi a 1966, mai suna Le Retour d'un aventurier. Jirgin kansa dai, shekaru da yawa mutumin Maraɗi ko na Damagaram sai ya tafi Ƙauran Namoda, Nguru ko Kano kafin ya gan shi. An buɗe tashar Yamai a 2014, an kuma aza harsashin hanyar Kano zuwa Maraɗi a 2021.

Bayan haɗawa sai tsufar da gini. Sabuwar roba tana ƙyalli, ba ta kama da abin da ido ya riƙe daga silima. Mai gini ya kan zuba fenti mai ruwa-ruwa ya bi tsagogin katako, ya barbaɗa garin alli mai launin ƙasa a gindin bango, ya sa alamar tsatsa a rufin kwano. Nan ma akwai gardama: waɗansu suna bin launin wurin kamar yadda ya ke, waɗansu suna bin launin da fitilun fim su ka ba shi. Hujjar na biyun ta fi ƙarfi, tun da abin da mai kallo ya sani ke nan.

Saura batun haƙƙi. Sunan fim dukiya ce ta kamfanin da ya yi shi. Wanda ya gina don kansa a ɗakinsa ba a cika tanka masa ba, amma mai son sayarwa da sunan fim sai ya nemi izni ya biya, kuɗin kuwa a kan mai saye su ke faɗawa.