Fargaba mai tsanani ciwo ce, kuma magabata sun riga mu gane haka

Duk ranar 10 ga Oktoba, da zarar Ranar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Duniya ta zagayo, abin da ke cika jaridu da kafafen sada zumunta shi ne hoton mutum cikin tsumma a bakin kasuwa, ko wanda aka sa wa mari a ƙafa. Haka aka yi wa dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958: mutane da yawa sun ɗauka doka ce ta mahaukata kawai, don haka ba ruwansu da ita. Wannan fahimta ta bar mafi yawan masu fama a baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwon fargaba, wanda ya fi kowace lalurar ƙwaƙwalwa yaɗuwa, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani. Waɗannan mutane suna tare da mu a sahun salla da ofis da ɗakin jarrabawa, da tufafinsu tsaf.

Yadda abin yake ba shi da wuyar ganewa. Magidancin da bashi ya yi wa katutu, ko matar da aka sace mijinta ana jiran kiran masu garkuwa, jikinsu yakan shiga halin ko-ta-kwana ya ƙi fita. Gaba ya riƙa faɗuwa, numfashi ya sarƙe, barci ya ƙaurace, ciki ya murɗa. Wani lokaci firgicin yakan zo farat ɗaya, ya kai ƙololuwa cikin 'yan mintuna, har mutum ya tabbata ajalinsa ne ya zo, sannan ya lafa. Daga nan sai a shiga zagayen awon hawan jini da shan maganin gyambon ciki, in an rasa komai a ce iska ce ko sammu, ko kuma a gaya masa maganar da ta fi kowace ciwo, wai ba shi da tawakkali.

A nan ne ya kamata mu koma ga tarihin da muka yi sakaci da shi. Abu Zaidil Balkhi, wanda aka haifa kusa da Balkh a ƙasar Afganistan ta yau wajen shekarar 850, ya rasu a 934, almajirin masanin falsafa Alkindi ne, kuma masani ne a addini da labarin ƙasa da likitanci. A littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus ya soki likitocin zamaninsa da suka duƙufa kan gangar jiki suka manta da rai, alhali ciwon ɗaya yana haddasa na ɗayan. Ya ware babi ga fushi, da tsoro da firgici, da baƙin ciki, da waswasi. Ya bambanta baƙin cikin da ke da sanannen dalili, kamar rashin ɗan uwa ko dukiya, da wanda ke sauko wa mutum babu gaira babu dalili, ya ce na biyun daga jiki yake kuma yana buƙatar magani. Game da tsoro, ya lura cewa yawancin abin da ake fargabarsa ba ya aukuwa yadda aka zata, kuma saba wa kai da abin tsoro a hankali yana rage masa kaifi. Ya ba da shawara mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida saboda ciwon dare. Ya kuma nuna cewa mai damuwa ya fi karɓar nasiha daga bakin wani fiye da daga zuciyarsa, shi ya sa kaɗaici ke ƙara masa ciwo. Wannan shi ne ginshiƙin maganin da likitoci ke yi yau ta hanyar zama da mara lafiya a gyara masa tunani, kuma sai da masanin Sudan, Farfesa Malik Badri, ya fassara sashen littafin da ya shafi rai zuwa Turanci a 2013 kafin da yawa suka farga da shi. Abin takaici ne a ce garuruwan da ake karanta manyan littattafan Larabci a zaurukansu ba su san wannan littafi ba.

Wani zai ce addu'a ta isa. Babu mai musun matsayinta, kuma Manzon Allah (SAW) da kansa ya nemi tsari daga damuwa da baƙin ciki, abin da ke nuna cewa suna samun mumini. Amma mai ciwon sukari yana addu'a yana kuma shan maganinsa, ba wanda ya tuhumi imaninsa. Wani kuma zai ce ai talauci ne, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 wa ke barci? Gaskiya ne, kuma babu ƙwayar da za ta biya kuɗin haya. Sai dai idan fargabar ta ɗauki watanni tana hana mutum fita neman abin da zai biya hayar, ta zama ciwo mai zaman kansa. Wanda aka hana wa wannan fahimta yakan ƙare a kantin kemis yana sayen Valium ko Tramadol ba da umarnin likita ba, ya fita daga wata matsala ya faɗa wadda ta fi ta.

Ƙorafi mafi ƙarfi shi ne ina likitocin suke. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na Kaduna da Maiduguri da Kware da Dawanau sun yi wa mutumin ƙauye nisa. Amma tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya nuna a Aro ta Abeokuta cewa ana iya jinyar mutum a cikin ƙauye tare da danginsa, har da jawo masu maganin gargajiya a jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da tsarin horar da ƙananan ma'aikatan lafiya kan wannan aiki tun 2008. Me gwamnoninmu ke jira da ba za su kai shi asibitocin sha-ka-tafi ba? Me ya hana a zauna da limamai da masu ruƙiyya a koya musu alamomin da ke nuna lokacin tura mutum asibiti ya yi?

Kai kuma mai karatu, in gabanka ya daɗe yana faɗuwa, rage goro da shayi mai kauri, ka riƙa tattaki, ka ja numfashi a hankali ka sake shi a hankali idan abin ya motsa, ka faɗa wa wanda ka yarda da shi. In ya ƙi lafawa, ko ka fara tunanin cutar da kanka, je asibiti yau, ka gaya wa likita abin da ke damunka ba tare da kunya ba.