Diril Mai Batir: Abin da Kafinta Zai Duba Kafin Ya Miƙa Kuɗinsa

Diril mai batir ƙaramin inji ne na hannu da ake huda katako da shi, a ɗaura sukuru ko a kwance, ba tare da an ja igiyar wuta ba. Kamfanin Black & Decker na Amurka ne ya fara fitar da irinsa a 1961. Sai dai batirin wancan zamani ga nauyi ga saurin mutuwa, shi ya sa mai igiya ya daɗe yana cin kasuwarsa. Al'amarin ya juya ne wajen 2005, lokacin da kamfanoni irin su Makita da Milwaukee suka fara sa wa manyan injinansu batirin litiyam, dangin wanda ke cikin wayar hannu. Yanzu da wuya a shiga shagon kayan aiki a Birnin Kebbi ko Sakkwato, balle Sabon Garin Kano, ba a tarar da akwatunansa a jere ba.

Kafintan Liba da takwarorinsa na Jega da Aliero da Maiyama a jihar Kebbi suna da dalilin son wannan inji fiye da na babban birni. Wutar da kamfanin Kaduna Electric ke rabawa a jihar Kebbi ba abin da za a ɗora alkawarin aiki a kanta ba ne, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tayar da janareta don ramuka goma ya zama asara. Ga shi rabin aikin kafinta ba a shago yake ba. Yau yana ɗakin amarya yana haɗa gado da wadrob, gobe yana saman rufi, jibi yana gyaran ƙofar wani shago a kasuwar Jega. Matsalar ita ce injinan da ke kasuwa kamarsu ɗaya a ido, farashinsu kuwa wani ya ninka wani sau da yawa, kuma abin da aka rubuta a jikin da yawa daga cikinsu ba gaskiya ba ne.

Irin aikin mutum shi ne ma'aunin farko. Mai haɗa kayan ɗaki da filawud da MDF, wanda yawancin aikinsa gajerun sukuru ne da hinjis da hannun durowa, ƙaramin inji mai 12V ya ishe shi, kuma ya fi masa daɗin riƙo, don yana shiga lungun kabad inda babba ba ya juyawa. Mai yin ƙofofi da bencuna da teburan makaranta da jan katako, ko mai gyaran amalanke da kurar shanu, sai 18V. Mai aikin rufi kuwa ya tuna wuni zai yi hannu a sama, kuma rabin kilo da ya raina da safe zai san da shi kafin la'asar.

A kan lambar bolt aka fi cutar mai saye. Idan aka buɗe batirin diril, abin da ke ciki ƙananan ƙwayoyi ne masu siffar batirin tocila, mafi yawa irin da ake kira 18650, wato kaurin milimita 18, tsawon milimita 65. Kowace ƙwaya tana ba da bolt 3.6 a lokacin aiki, tana kuma haura 4 idan ta cika da caji. Ƙwaya biyar a jere su ne 18V. Su ɗin dai ne wani kamfani zai rubuta wa 20V, don ya ƙirga da lokacin da aka ciro su daga caja, wani ma ya rubuta 21V. Saboda haka 18V na Makita ko Bosch da 20V na DeWalt ko Ingco ko Total aji ɗaya suke, kuma wanda ya ƙara kuɗi don ya ga 20 ta fi 18 bai sayi komai ba. Haka 10.8V da 12V, ƙwaya uku ne duka. Wannan dabarar talla ce kawai, da sauƙi. Ƙaryar tsagwaronta tana jikin injinan da ba a san mai su ba, masu ɗauke da 48V, 88V, har 128V da manyan haruffa. A buɗe irin wannan, ƙwaya biyar za a samu, wani lokaci ma ba su kai ba. Da lambar gaskiya ce, 88V sai ya ci ƙwaya fiye da 20, kuma batirin da bai fi sabulun wanki girma ba ba shi da inda zai sa su.

Lambar da ta fi faɗin gaskiyar aiki ita ce wadda ke tare da haruffan Ah, kamar 1.5Ah, 2.0Ah, 4.0Ah ko 5.0Ah. Ita ke nuna yawan wutar da batiri ke riƙewa, kamar yadda tankin babur ke nuna nisan da za a iya zuwa. Mai 4.0Ah yana yin kusan ninkin aikin mai 2.0Ah kafin ya nemi caji. A nan ma ana zuba ƙarya, amma hannu yana kama ta. Ƙwaya ɗaya ta kirki nauyinta wajen giram 45 ne. Batirin 18V mai 4.0Ah ko 5.0Ah na irin waɗannan ƙwayoyi guda 10 yake ɗauka, layi biyu, don haka nauyinsa kan kai rabin kilo ko ya ɗara. Wanda aka rubuta wa 6.0Ah amma aka ɗaga shi aka ji sakayau, ba sai an tambayi kowa ba.

Hasali ma wanda ya sayi diril mai batir, batiri ya saya. Jikin injin na iya shekaru yana aiki, batiri kuwa ƙarewa yake yi a hankali ko da an kula da shi, kuma sabon na asali kan ci kaso mai tsoka na kuɗin injin gaba ɗaya. Kusan kowane kamfani da irin mazaunin batirinsa: na Bosch ba ya hawa Makita, na Makita ba ya hawa DeWalt. Tambayar da ta kamata a yi wa mai shago tun kafin ciniki ita ce ko yana sayar da batirin shi kaɗai da cajarsa, kuma ya fito da su a gani. Inji mai kyau da za a jira batirinsa daga Legas bai kai matsakaici da ake samun nasa a Birnin Kebbi amfani ba. A kuma nemi akwati mai batiri biyu. A inda ake kai caji shagon mai sola ko a jira dare a kawo wuta, batiri ɗaya yana nufin aikin rabin wuni. A lura da tallan da ke nuna farashi mai sauƙi ƙwarai a intanet, domin sau da yawa gangar jikin ce kawai, ba batiri ba caja.

Ƙarfin murɗa ana rubuta shi da Nm. Ƙananan injina kan tsaya wajen 30, matsakaitan 18V tsakanin 40 da 60, kuma wannan ya wadaci aikin kafinta na yau da kullum. A saman injin akwai maɓallin giya biyu. Giya ta 1 tana juyawa a hankali da ƙarfi, ita ce ta dogayen sukuru da manyan ramuka irin na makullin ƙofa. Giya ta 2 ta gudu ce, ta ƙananan ramuka. Injin da ba shi da wannan maɓalli na ƙananan gyare-gyaren gida ne. Sai zoben da ke bayan baki mai lambobi daga 1 zuwa wajen 20, wanda yara masu koyon aiki da yawa ba su taɓa juya shi ba. Aikinsa shi ne ya saki murɗa idan sukuru ya kai inda ake so, a ji yana ƙas-ƙas-ƙas. A MDF, wanda garin katako ne da aka matse da gam, sukuru ɗaya da ya zarce ya cinye raminsa ke nan, kuma ƙofar wadrob ɗin da ta saki bayan wata biyu sau da yawa a nan aka kashe ta.

Bakin da ke riƙe ƙarfen huda, wato bit, iri biyu ne: mai buɗewa zuwa milimita 10 da mai kaiwa 13. Na 13 ya fi dacewa da mai manyan ayyuka, kuma bakin ƙarfe ya fi na roba jure faɗuwa. Amma ko injin ya kai inda ya kai, dakusasshen bit zai shanye batiri ya ƙona katako. Katakai masu tauri irin su maɗaci da madobiya da ƙirya da kawo ba a tura musu sukuru kai tsaye. Sai an fara huda siririn rami daidai kaurin cikin sukurun, in ba haka ba ko kan sukurun ya lalace, ko ya karye a ciki, ko katakon ya tsage. Farin katako da malaina ba su da wannan gardama sai a kusa da gefe. Hinjis ɗin kabad na zamani kuma suna da nasu bit mai faɗin milimita 35.

Ta fuskar motar da ke juya diril, akwai injin mai kabon da marar kabon. Marar kabon ya fi tsimin batiri, bai cika zafi ba, ya kuma fi daɗewa, amma ya fi tsada, kuma idan allon lantarkin da ke cikinsa ya ƙone sai dai a sauya shi ɗungurungum in an samu. Mai kabon kuwa masu gyaran injina sun san shi, kuma a da yawa daga cikinsu ana iya canza kabon ko a sa sabon mota. Wanda ke aiki da diril kullum, marar kabon na kamfanin da aka sani zai mayar masa da kuɗinsa. Wanda sai jefi-jefi yake ɗauka, mai kabon bai rage shi da komai ba.

Wasu injinan suna da alamar guduma a zobensu. Wannan na huda bulo ne, kamar wajen kafa sandar labule ko rataye kabad a bango, ba a kunna shi a kan katako. Kankare na gaske irin na lintal ya fi ƙarfinsa. Akwai kuma wani ɗan gajeren inji mai kama da diril wanda aikinsa ɗaura sukuru da bugu, ana gane shi da ƙararsa da ɗan bakinsa mai kusurwa shida. Ya fi diril tura dogayen sukuru a rufi, amma ba shi da zoben saki, don haka bai dace ya zama injin farko na mai kayan ɗaki ba.

Jabu sun fi yawa a sunayen da suka yi fice. Makita na Japan ne, Bosch na Jamus, DeWalt na Amurka, kuma ana kwaikwayon launinsu da akwatinsu har da rubutunsu. Injin da ke ɗauke da ɗaya daga cikin waɗannan sunaye amma farashinsa bai kai na batirin asalin shi kaɗai ba, ya riga ya faɗi ko shi wane ne. Gara matsakaici na gaskiya irin Ingco ko Total da babban suna na ƙarya, ko da yake su ma ba su tsira daga masu kwaikwayo ba. Hukumar SON ce ke da alhakin ingancin kaya, FCCPC kuma ke karɓar koken masu saye, amma wanda ba shi da rasit mai ɗauke da sunan shago da lambar inji ba shi da abin nunawa. Na gwanjo kan zo da jiki mai kyau da batirin da ya tsufa. Wanda ya fito daga Amurka kuma cajarsa yawanci ta wutar 120V ce, ta Najeriya kuwa 230V, don haka jona ta kai tsaye ƙonewa ne nan take. A karanta bayan caja tukuna.

Gwaji a gaban mai shago ba rashin yarda ba ne. Mai saye ya tafi da guntun jan katako da sukuru 10 masu inci uku a aljihu. Ya ɗaura dogon bit ya kunna yana kallon tsininsa: idan yana rawa, bakin ya karkace, kuma raminsa ba zai taɓa yin daidai ba. Ya matsa kunamar a hankali ya ga ko gudun yana ƙaruwa sannu-sannu, ya saki ya ga ko ya tsaya cak. Ya tura sukurun duka, ya kwance su, sannan ya taɓa jikin injin ya sunsuna. Ɗumi ba laifi, warin ƙonewa kuwa a ajiye. In akwai mai gyaran waya kusa, mitarsa za ta nuna cikakken batirin da aka rubuta wa 88V yana karanta 20 ko 21, ko ma ƙasa da haka.

Zafin ƙasar Kebbi babban abokin gaban batirin litiyam ne. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin kwano kuwa ya fi haka, alhali ba a son cajin irin wannan batiri idan ya haura wajen 40 zuwa 45. Batirin da aka cire daga aiki da zafinsa a bar shi ya huce kafin a ɗora a caja, kuma kada a bar shi a rana saman rufi lokacin da aka sauka sallah. Idan injin ya fara ja da baya a canza batiri, kada a yi ta matsa shi sai ya mutu murus. Wanda za a ajiye na makonni a bar shi da rabin caji. Ƙurar hunturu da garin katako suna toshe ramukan shan iska, a riƙa kakkaɓewa. Shagon kafinta cike yake da soso da fenti da tina da ɓawon katako, saboda haka barin batiri a caja a kulle shago a tafi gida ganganci ne. Haka jefa shi cikin jaka ɗaya da ƙusoshi, don ƙusa ɗaya da ta haɗa bakunansa biyu ta isa ta tayar da wuta.

Rauni ya fi zuwa ta hanya biyu. Idan babban bit ya cije a cikin katako, injin ne ke juyawa ya murɗe wuyan hannu, kuma a kan tsani wannan na iya zama faɗuwa. Aliero ta yi suna da masu ɗori, amma riƙo da hannu biyu da ɗaure katako a benci sun fi araha. Ta biyun ita ce hannun riga mai faɗi ko bakin rawani da bit zai naɗe. A cire batiri kafin a canza bit ko a miƙa wa yaro injin, a kuma sa gilashi idan ana huda sama da kai.

Batirin da ya kumbura, ya tsage, ko yake zafi shi kaɗai ba a ƙara cajinsa, ba a jefa shi cikin sharar da za a ƙona. Masu gyara kan buɗe wanda ya mutu su sa masa wasu ƙwayoyi, kuma aikin yana yi idan sababbi ne, iri ɗaya, na injinan aiki. Waɗanda aka ciro daga tsofaffin batiran kwamfuta girmansu ɗaya da na diril, amma ba a yi su don jan wuta mai yawa lokaci guda ba. Sukan ɗau zafi da zarar bit ya shiga jan katako, kuma cajinsu ba ya kai ko'ina.